Tsakanin Gadon Majinyaci da Teburin Gwaji: Tarihin Haɗa Digiri Biyu a Likitancin Amurka

A kowace shekara matasa kimanin 700 ne ke shiga wani tsarin karatu a jami'o'in Amurka wanda aka fi sani da MD-PhD, wato tsarin da ɗalibi ke haɗa digirin likitanci da digirin digirgir na binciken kimiyya a zango guda, wanda yakan ɗauki shekara 8. Da yake a can ba a shiga makarantar likitanci kai tsaye daga sakandare kamar yadda ake yi a Najeriya, sai bayan an kammala digirin farko na shekara 4, wanda ya zaɓi wannan hanya yakan yanke shawarar yana da shekara 22 ko 23, ya fito yana da 30 da 'yan kai, alhali horon ƙwarewa a asibiti yana nan yana jiransa. Ana yawan tattauna wannan shawara kamar batu ne na hali da sha'awar mutum ɗaya, amma tushenta yana cikin tarihin wata sana'a da Amurka ta shafe fiye da ƙarni guda tana ginawa tana kuma fargabar rasawa, wato sana'ar likita mai bincike, mutumin da ke duba marasa lafiya da hannunsa, sannan ya ɗauki tambayar da ciwonsu ya tayar ya kai ta ɗakin gwaje-gwaje.

Har zuwa bayan tsakiyar ƙarni na 19, yawancin makarantun likitanci na Amurka kasuwanci ne na wasu likitoci ƙalilan, waɗanda ke karɓar kuɗi daga hannun ɗalibai su yi musu lacca ta wata 4, a shekara mai zuwa a maimaita musu laccar nan dai, sannan a miƙa musu takardar shaida ba tare da an tabbatar sun taɓa jikin majinyaci ba. A Turai kuwa al'amarin ya riga ya sauya. Claude Bernard a Faransa ya kafa hujja a littafinsa na 1865 cewa gwaji ne ya kamata ya zama ginshiƙin ilimin likitanci, Rudolf Virchow a Jamus ya nuna a 1858 cewa cuta a cikin ƙananan ƙwayoyin halittar jiki take tasowa, Robert Koch kuma, wanda ya fara aiki a matsayin likitan karkara, ya bayyana ƙwayar cutar tarin fuka a 1882. Dukansu ukun da digirin likitanci suka fara bincikensu, domin a zamaninsu kimiyyar jiki ba ta yi faɗin da za ta gagari mai ƙwazo koya a bakin aiki ba. Dubban likitocin Amurka sun tsallaka teku zuwa jami'o'in Jamus da Austiriya tsakanin 1870 da 1914, suka dawo da ra'ayin cewa malamin likitanci wajibi ne ya zama mai ƙara wa ilimi wani abu sabo.

Wannan ra'ayi ya sami gida a Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore, wadda ta buɗe asibitinta a 1889 da makarantar likitancinta a 1893, ta kuma sharɗanta cewa sai mai digirin farko zai shiga. A 1910 Abraham Flexner, wanda malamin makaranta ne ba likita ba, ya fitar da rahotonsa bayan ya zagaya makarantun likitanci 155 na Amurka da Kanada da tallafin Gidauniyar Carnegie, ya auna kowacce da ma'aunin Hopkins, kuma cikin shekara 20 kusan rabinsu sun rufe ko sun haɗe da wasu. Gyaran ya ɗaga darajar ilimin ƙwarai, sai dai ya zo da asara da ba za a yi shiru a kanta ba, domin daga cikin makarantu 7 da ke horar da likitoci baƙar fata, 2 kaɗai suka tsira, wato Howard da Meharry, kuma an daɗe ana ɗanɗana kuɗar wannan giɓi.

Inda sana'ar likita mai bincike ta fara fitowa da cikakkiyar siffarta shi ne asibitin Cibiyar Rockefeller da ke New York, wanda aka buɗe a 1910 a ƙarƙashin Rufus Cole. Asibiti ne ƙarami wanda ba ya karɓar kowane majinyaci sai mai ɗauke da ɗaya daga cikin cututtuka kaɗan da ake nazari a kansu, kamar ciwon huhu da shan inna da ciwon zuciya, ba a cajin majinyaci ko kwabo, likitocin kuma albashi ake biyansu, ba su da izinin buɗe ɗakin duba marasa lafiya na kansu. Abin da Cole ya nace a kai shi ne, likitan da ya duba majinyaci da safe shi ne zai ɗauki jininsa ko majinarsa ya yi gwajin da rana, maimakon ya zama ɗan aike mai kai wa masana kimiyya samfur. Daga wannan tsari ne Oswald Avery, wanda ya shiga cibiyar a 1913 don nazarin ƙwayar da ke haddasa ciwon huhu, ya kai a 1944, tare da Colin MacLeod da Maclyn McCarty, ga nuna cewa sinadarin DNA shi ne ke ɗauke da gadon halitta. Tambayar ta faro ne daga ɗakin masu ciwon huhu, ta ɗauki shekara 30 kafin ta isa inda ta isa, kuma mutanen ukun duk likitoci ne.

Tun a wancan lokaci akwai masu shakka, kuma ba ƙananan mutane ba ne. Lokacin da Hopkins ta karɓi kuɗin Rockefeller a 1913 don mayar da shugabannin sassan asibiti ma'aikatan cikakken lokaci, waɗanda za su bar karɓar kuɗin majinyata su duƙufa ga koyarwa da bincike, William Osler, babban malamin likitancin cikin jiki na zamaninsa, wanda a lokacin yake Oxford, ya riga ya bayyana adawarsa, yana ganin cewa malamin da ya yi nisa da aikin yau da kullum zai yaye ɗalibai masu sanin gwaji waɗanda ba su san mutane ba. Muhawarar nan ba ta mutu ba, domin ita ce ke dawowa duk lokacin da aka ce wa ɗalibi mai neman digiri biyu taura biyu ba ta taunuwa, zai ƙare ne a likita mai rauni ko mai bincike mai rauni.

Abin da ya sa digiri na biyu ya zama abin buƙata ana iya ganinsa ƙarara a tarihin ciwon sikila, wanda Hausawa suka sani a gidajensu. A 1945 wani likitan jini na Harvard mai suna William Castle ya faɗa wa Linus Pauling, masanin kimiyyar sinadarai, cewa jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila suna lanƙwashewa ne idan iskar oksijin ta yi ƙaranci, sai Pauling ya yi zargin cewa laifin yana cikin himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar a cikin jini. Wanda ya ɗora wa aikin tabbatar da zargin shi ne Harvey Itano, ɗan asalin Japan haifaffen Kalifoniya, wanda ya fi kowa maki a ajinsa na Jami'ar Berkeley a 1942 amma bai halarci bikin yaye su ba, saboda gwamnati ta tsare shi da danginsa a sansanin da aka killace 'yan asalin Japan lokacin yaƙi. Daga sansanin ya wuce makarantar likitanci a St. Louis, ya gama a 1945, sannan ya je Caltech ya sake zama ɗalibi don digirin digirgir a kimiyyar sinadarai. A can ne aka yi amfani da wata na'ura mai sakar wa sinadarai wutar lantarki don a ga yadda kowanne ke tafiya gwargwadon cajin da yake ɗauke da shi, aka ga himogulobin na mai sikila yana tafiya dabam da na mai lafiya, kuma a 1949 Pauling da Itano da abokan aikinsu biyu suka bayyana sikila a matsayin cutar da asalinta ke cikin ginin sinadari ɗaya. A tsakanin 1956 da 1957 Vernon Ingram ya nuna a Cambridge cewa bambancin bai wuce amino asid ɗaya ba, wato ɗaya daga cikin ƙananan sinadaran da ke jeruwa su yi sarƙar himogulobin. Castle ya san ciwon amma ba shi da na'urar, Pauling ya san sinadarai amma bai san majinyacin ba, Itano kuma sai da ya bi makarantu biyu ɗaya bayan ɗaya kafin ya iya tsayawa a tsakaninsu.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Amurka ta zuba kuɗi a binciken lafiya ta hannun Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa, waɗanda aka fi sani da NIH, kuma a zamanin James Shannon, wanda ya shugabance su daga 1955 zuwa 1968, kasafinsu ya ninka fiye da sau 10 har ya haura dala biliyan 1. Shi kansa Shannon yana da digirin biyu, ya kuma fahimci cewa kimiyyar sinadaran jiki da ta gadon halitta sun yi zurfin da shekara 4 ta makarantar likitanci ba za ta iya ɗauka ba. Jami'ar Western Reserve da ke Cleveland ta fara haɗa digirin biyu a tsari guda a 1956, kuma daga wannan shiri ne Ferid Murad da Alfred Gilman suka fito, waɗanda daga baya kowannensu ya sami lambar Nobel, Gilman a 1994, Murad a 1998. A 1964 NIH ta kafa shirin horar da likitoci masana kimiyya wanda ake taƙaita sunansa da MSTP, ta fara da makarantu 3, wato Kwalejin Likitanci ta Albert Einstein da Jami'ar New York da Jami'ar Northwestern, kuma a yau jami'o'i wajen 50 ne ke cin gajiyarsa, ban da wasu da dama da ke gudanar da nasu da aljihunsu.

Tsarin da aka saba bi shi ne ɗalibi ya yi shekara 2 ta farko ta likitanci a aji, ya tsaya ya shiga ɗakin gwaje-gwaje na kimanin shekara 4 har ya kare kundinsa, sannan ya dawo ya yi shekara 2 ta ƙarshe yana zagayen sassan asibiti. A duk tsawon lokacin ba ya biyan kuɗin makaranta, ana kuma ba shi alawus na wata-wata da zai ishe shi haya da abinci. Mafi wuyar gaɓa a tafiyar, kamar yadda waɗanda suka bi ta suke yawan faɗa, ita ce dawowa asibiti, domin mutumin da ya shafe shekara 4 yana bin furotin ɗaya a jikin ɓeraye, har ya zama babu wanda ya fi shi saninsa a jami'ar, sai ya wayi gari da asuba a sashen haihuwa yana laluben yadda ake auna bugun zuciyar jariri, sunayen magunguna sun zube masa, kuma mai duba aikinsa yana iya zama abokin da suka fara aji ɗaya, wanda ya riga ya gama ya zama likita. Kafin wannan ma akwai shekarun tsakiya, inda gwaji ke iya ƙin fitowa wata da watanni, kuma babu jarrabawar da za a ci a wuce kamar yadda aka saba a likitanci.

Sai dai tarihi ya zo da wani abu da ke hana a ɗauki digirin biyu a matsayin hanya tilo. A daidai shekarun da ake kafa MSTP, wata hanya dabam wadda babu wanda ya tsara ta da niyya ta fitar da likitoci masu bincike da suka fi shahara a ƙarnin. Tun daga 1950, lokacin yaƙin Koriya, doka ta ba gwamnati damar tilasta wa likitoci aikin soja, kuma da yaƙin Biyetnam ya yi zafi, ɗaya daga cikin hanyoyi kaɗan na sauke wannan wajibi ba tare da zuwa fagen daga ba ita ce samun gurbi na shekara 2 ko 3 a babban asibitin bincike na NIH da ke Bethesda, wanda aka buɗe a 1953. Gasar neman gurbin ta yi tsanani matuƙa, aka riƙa yi wa waɗanda suka samu laƙabi na zolaya da masu rawayar hula, don a bambanta su da zaratan sojoji masu koriyar hula. A 1968 kaɗai Anthony Fauci da Harold Varmus da Robert Lefkowitz da Michael Brown da Joseph Goldstein sun shiga, babu ko ɗaya a cikinsu mai digirin digirgir, kuma 4 daga cikinsu sun sami lambar Nobel daga baya. A Bethesda ne Goldstein da Brown suka ga wasu yara biyu 'yan'uwan juna waɗanda kitsen kolestarol ya yi wa jininsu yawa har ciwon zuciya yake kama su tun suna ƙanana, suka tafi da tambayar zuwa Dallas, inda a farkon shekarun 1970 suka gano ƙofar da ƙwayar halitta ke amfani da ita wajen janye wannan kitse daga jini, aikin da ya bayyana yadda magungunan rage kolestarol ke aiki, ya kuma kai su ga Nobel a 1985. Abin da Bethesda ta ba waɗannan mutane shi ne lokaci da aka keɓe musu, da malamai ƙwararru a kusa, da majinyata masu ciwon da ba a gane ba, kuma duk wanda ya duba tarihin da idon basira zai ga cewa waɗannan ukun su ne ainihin abin da ke yin likita mai bincike, takardar digiri kuwa hanya ce ɗaya ta samun su.

Da aka daina tilasta aikin soja a 1973, wannan maɓuɓɓuga ta ja baya nan da nan, kuma a 1979 James Wyngaarden, wanda ya zama shugaban NIH a 1982, ya wallafa wata maƙala a mujallar likitanci ta New England inda ya kwatanta likita mai bincike da halittar da ke dab da ƙarewa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Kuɗin makarantar likitanci ya riƙa hauhawa har ya zama matsakaicin bashin da mai kammalawa ke fita da shi a 'yan shekarun nan ya kai wajen dala 200,000, albashin likitan da ke aikin asibiti zalla ya yi wa na mai bincike nisa, asibitocin koyarwa kuma suka ƙara dogara da kuɗin da likitocinsu ke shigowa da shi ta duba majinyata, ta yadda kowace sa'a da aka yi a ɗakin gwaje-gwaje ta zama sa'ar da wani zai nemi a biya. Ita kanta kimiyyar ta ƙara wuya, har likita mai horon bincike na shekara 2 ya daina iya gogayya da mai digirin digirgir wajen neman tallafi. Ta haka ne tsarin digiri biyu, wanda aka kafa a matsayin ƙari, ya wayi gari shi ne babbar hanya, musamman ga mai son binciken tushen cuta, domin shi kaɗai ne ke ba da horo cikakke tare da kuɓuta daga bashi.

Ƙididdigar da ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka ta fitar a 2018 ta nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka kammala tsarin suka kuma amsa tambayoyinta suna aiki a jami'o'i ko cibiyoyin bincike ko hukumomin gwamnati ko kamfanonin magunguna, wanda ke nufin shirin bai ci amanar manufarsa ba. Amma farashinsa a shekaru ya ƙaru, domin karatun da ke ɗaukar ƙasa da shekara 7 a wajajen 1980 ya haura 8, bayansa kuma akwai horon ƙwarewa a asibiti na shekara 3 zuwa 7, da ƙarin horo a wani reshe na musamman, da komawa ɗakin gwaje-gwaje don sabunta hannu, tunda kimiyyar da aka bari ta riga ta yi gaba. Rahoton da kwamitin NIH ya fitar a 2014 ya nuna cewa likitocin da bincike ne babban aikinsu ba su wuce kashi 1.5 cikin 100 na likitocin ƙasar ba, kuma mai digiri biyu yakan kai wajen shekara 44 kafin ya sami babban tallafinsa na farko, wanda ake kira R01, wato tallafin da ke ba mutum damar riƙe ɗakin gwaje-gwaje na kansa. Ma'anar wannan ita ce matashi ɗan shekara 22 yana yanke shawara a kan rayuwar da ba zai fara ta sosai ba sai bayan wata shekara 22, kuma shekarun tsakani su ne na aure da haihuwa da ɗawainiyar iyaye, nauyin da ya fi faɗawa kan mata da kan waɗanda danginsu ke jiran albashinsu.

Saboda haka a nan ne ya kamata mai shawara ya tsananta bincike, domin yafe kuɗin makaranta, duk da girmansa, ba ya rama albashin shekara 4 da aka jinkirta, kuma wanda ya shiga don gudun bashi ko don darajar haruffan da za a jera bayan sunansa ya shiga da dalili mai rauni. Tsarin da masu horarwa ke nunawa a matsayin manufa shi ne mutum ya ba bincike kashi 80 na lokacinsa, asibiti kashi 20, wanda a aikace yake nufin wuni ɗaya a mako a ɗakin duba marasa lafiya ko 'yan makonni a shekara a sashen kwanciya, kuma irin wannan rabo yana yiwuwa a fannin ciwon daji ko cututtuka masu yaɗuwa ko nazarin samfurin jiki fiye da yadda yake yiwuwa a tiyata, inda hannu ke buƙatar aiki kullum. Wanda zuciyarsa ke kan majinyata, bincikensa kuma na gwajin magani ne a kan jama'a ko na ƙididdigar cututtuka, digirin likitanci da ɗan ƙarin horo yakan ishe shi. Wanda kuma tambayarsa ke kan yadda ƙwayar halitta ke aiki, ba ya jin kewar asibiti, digirin digirgir kaɗai zai kai shi da wuri. Aikin da ya buɗe hanyar rigakafin korona mai amfani da sinadarin mRNA ya fito ne daga haɗin gwiwar Drew Weissman, mai digiri biyu daga Jami'ar Boston wanda ya yi horo a ƙarƙashin Fauci, da Katalin Karikó, mai digirin digirgir kaɗai daga Hungary, kuma tare aka ba su Nobel a 2023.

Wasu ƙasashe sun ɗauki tsarin suka daidaita shi da nasu, kamar Ingila, inda Jami'ar Cambridge ta fara nata a 1989, Kwalejin Jami'a ta Landan kuma a 1994, duk da cewa a can yawancin likitoci suna yin digirin digirgir ne bayan sun fara horon ƙwarewa, lokacin da suka riga suka san reshen da za su zauna a ciki da tambayar da ke damunsu. A Amurka kuwa gyare-gyaren da aka yi tun farkon ƙarnin nan sun fi karkata ga shekarun da ke biyo bayan digiri, inda aka lura cewa nan ne mutane suka fi zamewa. NIH tana biyan wani ɓangare na bashin karatun likitan da ya amince ya ci gaba da bincike, har zuwa dala 50,000 a shekara, tana kuma ba da tallafin raino na shekara 3 zuwa 5 wanda ke sharɗanta wa jami'a ta keɓe wa matashin likita kashi 75 na lokacinsa don bincike, yayin da asibitocin koyarwa da dama suka buɗe guraben horon ƙwarewa waɗanda ke rage shekara 1 daga horon likitancin cikin jiki, su haɗa shi kai tsaye da shekarun ɗakin gwaje-gwaje.